Ƙafar da Ba a Zana Ba

Kaduna,
6 ga Yuni, 2004.

Zuwa ga taubashiyata Malama Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki Magaji, da 'yar gidana Fatiha. Ni lafiyata lau, ban da mura da na yi makon jiya, ta kuwa wuce. Ki leƙa ta katanga ki gaishe mini da Inna, ki karanta mata wannan takarda, tunda ke ce idonta a wajen boko. Ki gaya mata ƙuli-ƙulinta ya iso, maigidan shagonmu ya cinye rabi.

Kin tambaye ni me zan yi da hoton Fatiha na Sallah. To ga amsa. Wata makarantar yara ta ba shagonmu aikin wasan kwamfuta na koyon ƙirga, yarinya tana tafiya tana tsintar mangwaro. Maigida ya ce in zana yarinyar, ni kuwa na ce ai ina da ita a Gummi, shekararta uku, da rigarta ruwan ɗorawa da tukkunta biyu.

Ba zane ba ne irin na fensir da takarda. Duk abin da kike gani a allon kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, 'yan gidaje masu kusurwa huɗu da ake kira fikzel. Akwai wani furogiram mai suna Paint, in na kumbura hoto a cikinsa sau takwas sai gidajen su fito fili kamar gurabun dara, in ɗauki maus in riƙa cika su ɗaya bayan ɗaya. Fatiha gida talatin da biyu ce a tsaye, ashirin da huɗu a kwance. Idonta ɗigo guda ne tak. In na matsar da shi gida ɗaya sai ta ɓata rai, wato ta koma uwarta sak. Launi goma sha shida kawai tsofaffin kwamfutocin makarantar ke ɗauka, babu na fatarta a ciki, don haka nake jera ja da ruwan ƙasa, ɗigo wannan ɗigo wancan, kamar an gauraya gero da dawa. Daga nesa ido da kansa yake haɗa su.

Tafiya kuwa wayo ake yi wa ido. Hotuna takwas ake zanawa, kowanne ƙafa ta ɗan gusa, sai wani furogiram ya riƙa juya su da sauri, ki ga mutum yana takawa. Ba a sake zana jiki sau takwas, ɓata lokaci ne. Kwafar kai da gangar jiki ake yi, a cire ƙafafu, a zana su daban. Ta dama na gama ta a duka takwas ɗin. Ta hagu na cire ta tukuna, ban mayar ba, sai na ƙara lura da yadda ƙananan yara ke taka ƙasa. Ina zama bakin shago ina kallon ƙafafun 'ya'yan mutane, har jiya wata mata ta galla mini harara.

Ga takarda nan mai hotunan takwas ɗin na buga a firinta mai launi, na ba Bala direba tare da wannan. Ki nuna wa Inna ta ga ba zaman banza nake yi ba.

Naki,
Sahabi.


Gummi,
14 ga Yuni, 2004.

Zuwa ga bawana Sahabi,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, damina ta kankama, an gama shuka. Uwargijiyarka ta ga aikinka, ta kuma yafe maka maganar ɓata rai, don bawa bai san abin da yake faɗa ba.

Takardarka ta same mu a gidan su Magaji, mata sun taru ana gyaran irin wake, Innarka Gwaggo Uwani ma tana wurin. Ka san yadda ake yi, wasiƙa daga birni ba ta mutum ɗaya ba ce. Na karanta ta da ƙarfi tun daga sallama har zuwa sunanka, hoton kuma ya zaga hannu-hannu har ya ɗauki mai a gefe. Kowa ya gane Fatiha tun kafin a faɗa. Ita da kanta ta duba ta duba, ta ɗaga kai ta ce, "Ina ƙahwata guda?" Aka yi ta dariya har Makau yayan Magaji ya leƙo daga zaure, shi ma ya karɓa ya gani.

Innarka ce ta fi kowa daɗewa da shi. Ta kai shi kusa da ido tana ƙirga gidajen da farce, can ta ce, "Wanga ai ɗumkin hula na. Ashe abin da nike yi shekara talatin shi anka tahi Kaduna koyo." Ta ari takardar kwana biyu, ba ta faɗi abin da za ta yi da ita ba. Baki dai har kunne, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa.

Ka yi sauri ka gama wa 'yata ƙafarta, kullum sai ta tambaya. Kuma ka daina kallon 'ya'yan mutane kafin a fasa maka kai.

Uwargijiyarka,
Nusaiba.


Gummi,
5 ga Yuli, 2004.

Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu nan sai godiyar Allah, amma ba lafiya ba. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Kwana goma da suka wuce Fatiha ta kwanta da zazzaɓi. Na ɗauka na damina ne. Kwana huɗu jikin yana zafi kamar garwashi, rana ta biyar ya sauka, na yi hamdala. Na ɗaga ta in tsayar don in yi mata wanka, sai ta zube. Na sake tsayar da ita, ta sake zubewa. Ƙafar hagu ce, Sahabi. Tana lilo kamar tsumma, ko yatsa ba ta iya motsawa.

Na goya ta zuwa asibiti. Likita ya ƙwanƙwasa gwiwar, ya ce kusan tabbas shan inna ce, ya tambaya ko an ɗiga mata rigakafi. Ba a ɗiga mata ba. Sau biyu masu ɗigon suna zuwa ƙofar gidanmu bara, Magaji ya kore su, ni kuma da nake koyar da 'ya'yan mutane tsabta da lafiya ina cikin ɗaki ina ji ban ce uffan ba. Wannan zai bi ni har kabari.

Na dawo na faɗa wa Magaji abin da likita ya ce, ya ƙi saurara. In ya yarda da likita, ai ya yarda da hannunsa a ciki. Shi ke nan Makau ya tuno takardarka. Ya sa aka ɗauko, ya shimfiɗa a zaure gaban maza, yarinya takwas, kowacce ba ƙafar hagu. Ya ce, "Kun dai ji abin da yar rubuta da hannunai, na cire ta, ban maida ba. Mi kuke jira a hwaɗa muku kuma?"

Akwai abin da ya fi wannan muni. Cikin zafin zazzaɓin, Fatiha ta yi ta kiran "Gwaggo Uwani, Gwaggo Uwani." To wa za ta kira? Wa ke goya ta in na tafi makaranta, wa ke ɓoye mata ƙuli-ƙuli a gefen zane? Amma ka san abin da mutanenmu ke cewa, wanda aka kama wa kurwa sunan mayen yake kira. Sun haɗa biyu da biyu. Sun ce maita a nono ake sha, kai ka sha a wurinta, ita ta kama, kai ka ajiye a cikin kwamfuta. Har an tono cewa ita da Babana uba kawai suka haɗa, uwarta baƙuwa ce daga wani ƙauye can bayan Bukkuyum, ba wanda ya san asalinta.

Ba a faɗi kalmar a gabanta ba tukuna. Amma jiya ba yaro ko ɗaya da aka aiko sayen ƙuli-ƙuli, kuma ta lura. Ina jin tsoro ƙwarai. Zan gaya maka gaskiya ko da za ka ji haushina, ni ma da na sake kallon takardar nan sai da tsigar jikina ta tashi. Na yi istigfari, amma ta tashi.

Nusaiba.


Kaduna,
7 ga Yuli, 2004.

Nusaiba,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Fatiha lafiya, ya tashi kafaɗunta. Bala ya miƙo mini takardarki a tasha, ga amsa a gaggauce, ki yi haƙuri da rubutun.

Ki gaya musu, don Allah ki gaya musu da babbar murya, babu kowa a cikin kwamfutar nan. Ɗigo ne. Lambobi ne a kan fulofi, ɗan faifan roba da bai kai tafin hannu ba. Duk mai wannan sana'a haka yake yi, ya cire ƙafa ya zana ta daban. Na cire wa akuya ƙafa a wasan nan, na cire wa jaki wutsiya, wace akuya ce ta gurgunce a Kaduna? Na fara da ta dama ne kawai don ita ce a gaba a hoton farko. Da na fara da ta hagu, da yau babu wannan magana. Baki shi ke yanka wuya, ni kuwa alƙalami ne ya yanka nawa, ya haɗa da na Inna.

Na koma shago na buɗe hoton, na kasa kallonsa. Tana tsaye a allo da ƙafa ɗaya tana dubana da ɗigon idon nan da na sa mata da hannuna. Na san babu komai a ciki, na fi kowa sani. Don haka na yi abin da nake ganin zai kashe maganar. Na goge shi duka, takwas ɗin, daga kwamfuta da fulofi. Fulofin ma na karya shi biyu na jefa a kwata. Yanzu babu Fatiha a ko'ina a Kaduna, babu abin da wani zai ce na riƙe. Ki karanta wa Magaji da Makau wannan, hankalinsu ya kwanta. Maigida zai yi faɗa, wasansa ya koma baya, ya daɗe bai yi ba.

Zan nemi izini in taho ƙarshen mako. Ki riƙe mini Inna.

Sahabi.


Gummi,
7 ga Yuli, 2004.

Sahabi,

Sallama a gaggauce. Ban jira amsarka ba, wani malamin makarantarmu zai shiga Kaduna gobe, shi zai kawo maka wannan, kuma mutum ne mai riƙon amana.

Kome za ka yi, kada ka taɓa hoton nan. Kada ka goge, kada ka yaga, kada ka sauya ko ɗigo ɗaya. Makau ya kai takardar wurin wani mai magani a ƙauye, ya dawo da magana biyu. Ta farko, wai ran yarinyar yana tare da hoton, in hoton ya lalace ita ma ta tafi, kuma in haka ta faru ba zai hana samarin gidansu abin da za su yi ba. Ta biyu, wanda ya cire shi zai mayar. Magaji ya ce, "Shi aɗ ɗauke ta, shi maido ta." Suna so ka zana ƙafar a kan hoton nan dai, shi ɗin, ba wani ba, ka aiko su gwada da takardar da ke hannun Makau gida da gida.

Sun ba da wa'adi, Juma'a ashirin da uku ga wata. In bai iso ba, za a tara mutane a sa Gwaggo ta tsallake Fatiha sau uku, kanta ba kallabi, yadda ake sa mayya ta saki kurwa. Ka san ma'anar wannan. Macen da ta tsallaka ta amsa sunan ke nan, ita da 'ya'yanta da jikokinta. Ba a ƙara cin abincinta, ba a auren zuri'arta.

Kada ka zo. Ƙannen Magaji suna zama a tasha duk ranar da Bala zai shigo. Gwaggo ta ji komai yanzu, wata mai bakin tsiya ta kai mata har ɗaki. Ba ta yi kuka ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ki rubuta mai, in yat tako garin ga ban yahe mai ba."

Ka zana ƙafar kawai. Aikin rabin yini ne a wurinka, ko ba haka ba?

Nusaiba.


Kaduna,
10 ga Yuli, 2004.

Nusaiba,

Malamin naku ya same ni jiya, shi zai dawo miki da wannan hannu da hannu. Na karanta takardarki a tsaye na zauna a ƙasa a gaban kwastomomi. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Wadda na ba Bala tana can ta iso ku ko tana gab da isa, kuma a cikinta na rubuta da hannuna cewa na goge hoton, har na ce ki karanta wa Makau. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ban san abin da ya faru a Gummi ba a daidai wannan lokaci da nake rubutu. Ban ci abinci ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar shago sai in leƙa, in ce mugun labarin ne ya zo.

Na gwada duk dabarar da na sani don dawo da hoton. Na kira wani da ya fi ni sanin kwamfuta, ya duba ya ce an riga an rubuta wasu abubuwa a kan gurbin. Na shiga kwatar da hannuna na lalubo rabin fulofin, ba amfani. Na zauna in sake zanawa daga ka, na yi sau shida. Yarinya ce mai rigar ruwan ɗorawa, amma ba waccan ba ce. Gidaje sun haura ɗari bakwai, ba zan iya tuna inda na sa ja da inda na sa ruwan ƙasa a kumatunta ba, kuma kin ce gida da gida za su gwada. In suka ga bambanci za su san na farko ya tafi.

Ko akwai hanyar da za ki ga takardar ko na minti goma, ki ƙirga mini layi-layi? Ki rubuta kamar haka, layi na ɗaya, fari tara, baƙi uku, fari huɗu. Hoto ɗaya ya isa, sauran bakwai daga shi na kwafa, ƙafar dama kuma ina da ita a takardar da na fara gwada zanen ƙafafun a kai. In babu hanya, ki faɗa mini, in taho ko Inna ta yafe ko ba ta yafe ba.

Sahabi.


Gummi,
15 ga Yuli, 2004.

Sahabi,

Assalamu alaikum. Muna raye. Fatiha tana cin abinci, tana jan jiki a tabarma, ƙafar tana nan yadda take.

Takardarka ta ranar bakwai ga wata ta iso. Makau ya tare Bala a tasha ya karɓe ta, aka kira ni zaure in karanta, shi da Magaji da ƙannensu biyu suna zaune. Na buɗe, idona ya sauka a kan "na goge shi duka" kafin bakina ya gama sallama. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na karanta addu'arka yadda take, daga nan na ɗora nawa, na ce Sahabi ya ce hoto yana nan a adane, zai mayar da ƙafa ya aiko. Makau ya dube ni ya ce, "Takarda doguwa, zance gajere." Na ce sauran gaisuwa ce ga mutanen unguwa. Na shiga gida na cusa ta a murhu, na tsaya har ta zama toka. Ban taɓa yi wa mijina ƙarya irin wannan ba, kuma da za a sake, zan sake. Amma ka sani, Makau ya ce daga yau duk abin da Bala ya kawo wani zai ba ya karanta, ba ni ba. Ka auna kowace kalma.

Takardar hoton ba ta ganuwa, tana cikin aljihun Makau dare da rana. Na rasa yadda zan yi, na je na faɗa wa Gwaggo gaskiya. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta zaro wani ƙyalle daga ƙarƙashin tabarmar gadonta. Ashe abin da ta ari takardar ta yi ke nan. Ta ɗinke Fatiha a kan farin yadin hula, suka ɗaya gida ɗaya, da zare launi-launi, har gaurayen ja da ruwan ƙasan nan naka na kumatu. Ta so ta ba ka mamaki in ka zo Sallah. Ta ce, "Ban ƙara ba, ban rage ba. Inda yab bar wuri, nan nib bar wuri."

Da na ga ƙyallen nan, yarinya da ƙafa ɗaya an soke ta da allura sau ɗari bakwai, a ƙarƙashin gadon matar da ake zargi, sai na yi maza na ninke shi. Da Makau ne ya fara ganinsa, da ba a jira Juma'a ba. Na naɗe shi a leda na tura tsakiyar ƙuli-ƙulin da Bala zai kawo maka. Ka ƙirga daga jikinsa. In ka gama kada ka dawo da shi.

Saura kwana takwas.

Nusaiba.


Kaduna,
20 ga Yuli, 2004.

Zuwa ga Malam Magaji da Malam Makau, da duk wanda aka ba ya karanta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, ina yi muku jaje, ina roƙon Allah ya ba Fatiha lafiya.

Ga hoton nan na aiko kamar yadda kuka nema, takwas ɗin, kowanne da ƙafa biyu. Na yi kwana uku a kansa ban karɓi wani aiki ba. Na bi shi layi-layi daga tukku har zuwa yatsu, na sake bi daga ƙasa zuwa sama, ku gwada da na hannunku ba za ku sami ɗigon da ya kauce ba. Ƙafar hagu gida bakwai ce a tsaye, uku a kwance. Na kunna shi a kwamfuta, tana tafiya daidai, ba ta ɗingishi.

Na rantse da Allah wanda ya halicce ni ya halicci Fatiha, wannan zane ne, ba ya riƙe rai, ba ya sakin rai. Na yi shi ne don ina son yarinyar. In kuna ganin akwai laifi a yin sa, laifina ne ni kaɗai. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin kwamfuta da idonta ba. A tsakaninku ta yi aure, a tsakaninku ta binne mahaifina, yawancinku ta goya ku ko ta goya 'ya'yanku. Ina roƙonku da girman Allah ku bar ta. Ina kuma roƙo a ci gaba da kai Fatiha asibiti ana gasa mata ƙafar.

Bala zai taso gobe da asuba, in Allah ya so zai iso kwana biyu kafin wa'adinku.

Ɗan'uwanku,
Sahabi.


Gummi,
27 ga Yuli, 2004.

Sahabi ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Gwaggo tana raye, ba wanda ya taɓa jikinta. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

An yi ruwa kwana biyu ba ɗaukewa, ya yanke hanya a wajen Anka. Bala ya kwana huɗu a can da takardarka a aljihu. Mu ba mu sani ba. Laraba na je tasha, Alhamis na je tasha, Juma'a da safe na sake zuwa har ana nuna ni da baki.

Bayan an sauko daga masallaci mutane suka cika gidan su Magaji, har kan katanga. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Fatiha. Na durƙusa gaban Makau, ni da ban taɓa durƙusa masa ba, na ce wataƙila hanya ce ta yanke, a ƙara kwana uku. Ya ce ba ya son a ce ya zalunci tsohuwa, ya yarda a bar ta. Amma tunda ɗanta ya ƙi aikowa, gobe ƙannensa huɗu za su bi ta Sakkwato su shiga Kaduna, su taho da kai ko a ɗaure, kai ka tsallaka. Na duba fuskokin samarin nan, na san ba iyakar tsallakawa za su tsaya ba.

Ban ga shigowar Gwaggo ba, muryarta kawai na ji a bayana. Ta ce, "Ba wanda za ya tahi Kaduna. Ni ta. Ku bar yaro, bai san komi ba, ni nis sa shi." Na riƙe mata zane na ce Gwaggo kada ki yi, ƙarya ce, kin san ƙarya ce. Ta ɓamɓare hannuna yatsa-yatsa. Ta cire kallabinta da kanta ta ninke ta ajiye a kan turmi, furfurarta a waje gaban maza.

Ta tsallaka sau uku. Ka san gwiwarta, a na biyu sai da ta dafa ƙasa. Fatiha ta ɗauka wasa ne, tana kwance tana ƙyalƙyala dariya tana miƙa mata hannu, tana cewa Gwaggo ƙara. Magaji ya juya fuskarsa bango. Da aka gama Gwaggo ta ɗauki kallabinta ta fita, mutane suka dare mata hanya, mata suna janye 'ya'yansu.

Hotonka ya iso ranar Lahadi. Makau ya sa an karanta, ya gwada da nasa, ya ce daidai ne, amma ihu ne bayan hari tunda mai abu ta amsa. Ƙafar Fatiha ba ta motsa ba, ba kuwa za ta motsa don wannan ba. Yanzu cewa suke ta tsallaka amma ta ƙi saki. Shekaranjiya an jefa duwatsu a kan kwanon ɗakinta. An hana ta rijiyar unguwa, ni ke ɗebo mata ruwa kafin in tafi makaranta, Magaji yana gani bai hana ba, bai kuma dube ni ba. Ina tsoron ranar da Fatiha ko wani yaro a unguwar nan zai sake yin zazzaɓi, ga shi damina ce.

Ba za ta iya zama a Gummi ba. Na faɗa mata, ta ce in ɗauko alƙalami. Ga saƙonta:

"Ki gaishe shi. Ki ce mai kada shi bar aikinai, ba aikin ad da laihi ba. In shina so shi ɗauke ni, shi aiko Bala, kada shi taho da kainai. Shi nemi ɗaki inda babu mutanen Gummi. In akwai ƙananan ɗiya gidan, shi hwaɗa ma uwayensu su kwantar da hankalinsu, ba ni ɗaukar su, ba ni ba su komi."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban gyara ba. Kayanta ba su da yawa, na riga na ɗaure su. Bala zai taso ranar Litinin, ka jira ta a tasha.

'Yar'uwarka,
Nusaiba.